Ƙafar da Hafiz Yake Riƙewa a Baya

Kun ga yadda yaron nan yake saukowa daga amalanke, yana dafa gwiwa kafin ya taka ƙasa. Kun gani sarai, kuka kau da kai.

Hafiz ɗan Baƙo shekararsa sha biyu, kuma a lakwal, makarantar bokon garin Mallawa, babu mai kama shi a langa. Ranar da gwiwarsa ta dama ta yi ƙara ta kumbura, ubansa ya ɗora shi a babur sai asibitin Magariya. Aka yi radiyo, wato hoton ƙashi. Likita ta ce ƙashi lafiya lau, amma tana zargin jijiyar da ke riƙe gwiwar ta tsinke, ita kuwa radiyo ba ya nuna ta. Sai an je babban asibiti an shiga na'urar IRM mai ɗaukar hoton jijiya. In ta tabbata, tiyatar sai gwani, don ƙashin yaro bai gama girma ba.

Baƙo ya ji rabin farko, ya bar sauran a can. A gida ya ɗaga hoton ga rana, maƙwabta suka leƙa, ya ce:

"To ina karayar? Raki ne kawai, ɗan nema!"

Kumburi ya saɓe. Hafiz kaɗai ya san in ya juya da sauri gwiwar takan zame masa kamar turmi a kan taɓo. Ya faɗa wa mushe, malaminsu na wasanni, shi kuwa ya ce:

"Kai, Hafizu, langa da ƙafa nawa ake yin ta? Riƙe marar lafiyar a hannu, ka yi tsalle da ɗayar."

Dabarar ta ci. Ya kama babban yatsan ƙafar dama ta baya, ya koyi tsalle da hagu, ya yi ta cin wasa ana tafi. Ciwon yana rataye a hannunsa, babu mai ganinsa.

Ranar karawa da 'yan Sassumbrum wani ƙato ya banke shi da kafaɗa. Hannu ya saki, ƙafar dama ta dira ita kaɗai da duk nauyinsa, ta lanƙwashe ciki. Bai yi kuka ba. Ya zauna cikin yashi yana kallonta, aka ci gaba da wasa ta gefensa.

Yanzu yana zaure, Baƙo ya aika a kira maɗori, alhali babu ƙashin da za a ɗora. Ku tashi ku riga maɗorin isa gidan nan. Ku zaunar da Baƙo, ku maimaita masa rabin maganar likita da ya bari a Magariya, kada ku fito sai an sa ranar tafiya.