Saƙon da Aka Ba Rago

Lauratu na durƙushe a kan akwati tana danne shi da gwiwa don ya rufu, sai ga maƙwabciyarta Aina'u ta yi sallama da turmi a ka.

"Ke kuma wannan fa?" in ji Lauratu.

"Na yarinya ne. An ce can ba su da turmi, to da me za ki daka mata yajin jego?" Aina'u ta dire shi tana haki. "Ai jirgin kaya za ki hau, ba na sama ba da ake auna mutum da tsummansa."

Lauratu ta yi godiya. Turmi ya shiga layi kusa da buhun gero, da ƙatuwar tukunyar wankan jego, da damin ganyen darbejiya, da tabarmi biyu da matar liman ta aiko. Tun da labari ya zaga ƙauyen cewa jirgin dakon kaya za ta hau, babu wanda ya ƙara shigowa gidan hannu rabbana. Kowa ya yi lissafinsa: abin da ke ɗaukar motoci a cikinsa, turmi ɗaya ba zai dame shi ba.

Zulfa ce dalilin tafiyar, 'yar farin Lauratu, wadda aure ya kai ƙasar Beljiyam, inda mijinta Mansur ke aiki a kamfanin jiragen ruwa. Cikin fari gare ta, wata ya kusa, ba ta da kowa a can. Ita kuwa Lauratu ba a daɗe da yi mata aiki a kunne ba, likita ya ce kada ta kuskura ta hau jirgin sama yanzu. Shi ne Mansur ya samo mata ɗaki a wani jirgin kaya da ke tashi daga Legas, ita da ƙanenta Khamisu. Makonni za su yi a kan teku, ga ta matar da babban ruwan da ta taɓa ƙetarewa shi ne rafin bayan gari da damina. Bayan la'asar ɗin yau mota za ta kai ta gidan Khamisu a unguwar Rijiyar Zaki cikin birni, gobe su kama hanyar Legas.

Duk wannan tarkace na tsakar gida wasa ne idan aka zo kan rago.

Malam Mika'ilu, mijinta, dillalin dabbobi ne a kasuwar Shanono, mutum mai tsada da magana. Tun ranar da aka ce yarinya na da ciki ya ware wani farin rago balami, ya ɗaure shi a turke daban, yana ɗura masa dusa da harawa har wuyansa ya yi ninki. Ragon suna ne, in ji shi, kuma da ƙafarsa zai je. Ya sa kafinta ya ƙera masa keji. Da ya ji an ce jirgi na tangaɗi a kan ruwa, sai ya kwantar da kututturen dabino, ya ɗora faffaɗan katako a kai, kullum da hantsi ya hau da ragon yana taka gefe ɗaya, katako na lilo, wai don cikin dabbar ya saba. Mata su leƙo ta katanga su yi ta dariya, shi ko a jikinsa.

Aina'u na fita waya ta yi ƙara. Zulfa ce.

"Ke, lafiya?" in ji Lauratu. Ba ta kiran sunanta, haka shi ma uban. Kunyar 'yar fari ce, a haka suka tarar da iyayensu.

"Inna, lafiya lau. Amma Mansur ya kasa cin abinci tun jiya." Muryar Zulfa na rawa tsakanin dariya da kuka. "Inna, akwati bibbiyu aka yarda ku shiga da su. Babu dabba, babu nama, babu ɗanyen ganye. Ko kyanwa ba za su bari ta hau ba, balle rago."

Lauratu ta zauna a bakin turmin Aina'u. "To ba jirgin kaya ba ne?"

"Kayan 'yan kasuwa ne, Inna, a cikin manyan akwatunan ƙarfe, an rufe an buga hatimi. Ke fasinja ce."

"Amma da kunnena, wannan mai lafiyar, na ji Malam ya tambayi mijinki, ya ce to."

"Me zai ce wa Baba? Ya ce 'To, Baba, Allah ya kai mu,' ya ajiye waya ya dafe kai. Kullum sai ya ce yau zai kira ya gyara, in ya ɗauki wayar sai gumi ya karyo masa. Don Allah Inna ki faɗa masa. Ni ba zan iya ba."

Ga shi nan, kunya ta yi wa kowa dabaibayi. Suruki ba ya ce wa uban matarsa a'a, 'ya ba ta iya buɗe baki, an tattara an jibga wa Lauratu, saura awowi kaɗan mota ta zo. Turmi da tukunya ba su dame ta ba, waɗannan sai a tura ɗaki a ce sai tafiya ta gaba. Ragon ne ya tsaya mata a wuya, don ta san in Malam ya ji kunya a gaban mutane yakan yi wata bai warware ba, ita kuma ba ta son ta hau teku ta bar shi da baƙin ciki.

Ta yi sallar azahar, ta sake kwance akwatunan. Ta fitar da atamfa uku ta cusa ƙullin kanwa, da daddawa, da yaji, da busasshiyar kuka. Ta ɗauki mazubin maganin jiri da Khamisu ya aiko ta sa a jakar hannu tare da carbi da goro. Da ta ga babu sauran abin fakewa da shi, ta gyara ɗaurin zane ta nufi turke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kafin ta zagaya rumbu sai ta ji murya. Ta ɗauka baƙo aka yi, ta tsaya. Malam ne shi kaɗai, yana tsugune gaban ragon yana sosa masa ƙarƙashin haɓa.

"In ka isa, ka dube ta da kyau, ka ga ko ta rame," yake cewa ƙasa-ƙasa. "Ka ce wa Zulfa mangwaron da ta dasa ya yi 'ya'ya bana, na hana yara jifansa. Ka ce mata ranar da aka tafi da ita, da na ce kasuwa za ni, ban je ko'ina ba. Nan bayan rumbun nan na zauna har motar ta ɓace. Ka ji ko? Kada ka je ka tsaya cin abincin Turawa ka manta."

Ragon ya ci gaba da tuƙarsa.

Lauratu ta dafa rumbu. Tun ranar sunan yarinyar ba ta taɓa jin wannan suna a bakinsa ba. Dariya ta taso mata, ƙwalla ta riga ta fitowa. Ashe ba nama yake son aikawa ba. Tausayinsa ya kama ta ƙwarai, har ta ji kamar ta koma ta bar shi, ma'aikatan tasha a Legas su faɗa masa da kansu. Amma ta tuna keji, da kuɗin mota, da yadda za a dawo da ragon ƙauye kowa na kallo. Ta koma baya da sanɗa, sannan ta dawo tana jan takalmi da gyaran murya.

Malam ya miƙe da sauri ya kama gyaran igiya.

"Malam, yarinyar nan ta bugo," in ji ta. "Ragon nan ba zai hau jirgi ba. Dokarsu ce, ba a shiga da dabba."

Ya juyo a hankali. "Jirgin da ke ɗaukar tirela?"

"Shi."

"Ya kasa ɗaukar rago ɗaya?"

"Ba kasawa ya yi ba, hanawa aka yi."

"To ai yaron nan ya ce mini to! Da bakinsa!"

"To ɗin suruki ce, Malam."

"Wace irin magana ce wannan? To ai to ce."

Lauratu ta gyara tsayuwa. "Shekarar da aka kawo ni gidan nan, da Babana ya ce ka ɗauki jakinsa mai ido ɗaya ka je Shanono da shi, ya ce ya fi doki sauri, me ka ce?"

Malam ya kau da kai. Gemunsa ya fara motsi.

"Me ka ce, Malam?"

"Na ce to," in ji shi. "Na isa kasuwa ana watsewa." Dariya ta ƙwace masa, ya kama turke yana girgiza kai. "Kai, Allah ya jiƙan Baba. Wato abin da na yi wa yaron mutane ke nan."

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya dubi kejin, ya dubi katakon lilo, ya dubi ragon. Fuskarsa ta koma irin ta wanda aka dawo masa da kyauta.

"To shi ke nan," ya ce. "Ki tafi hannu rabbana. A ce kakan yaro bai aiko da komai ba."

"Wa ya ce? Ka tambayi liman, ragon suna ko'ina aka yanka ya yi. Ranar suna su raɗa can, ka yanka nan, gari ya ci. Su can wa zai taya su cin wannan ƙato, su biyu da Khamisu da ni mai haƙori huɗu?"

Ya ɗebo harawa ya zuba wa ragon, ya fice masallaci.

Bayan la'asar motar a-kori-kura da aka yi haya saboda keji ta tsaya a ƙofar gida. Mata suka cika zaure. Aka fito da akwati biyu kacal, direba ya dubi bayan motarsa fayau ya dubi jama'a. Aina'u ta riƙe haɓa.

"Turmin fa?"

"Sun ce jirgin ya cika, sai na gaba," in ji Lauratu. "Ki ajiye mini, kada a ara."

Aka yi ta addu'a. Matar liman ta ce ta riƙa karanta abin da Annabi Nuhu ya karanta da zai shiga jirgi. Wata ta ce kada ta leƙa ruwa da magariba. Aina'u ta ce in ta ga kifin da ya kai saniya ta ɗauko hotonsa, don ita ba ta yarda akwai shi ba.

Malam Mika'ilu na gefe, hannu a baya, kamar wanda ya zo kallon cinikin wasu. Sai da Lauratu ta shiga gaban mota ya matso jikin taga.

"Allah ya kiyaye hanya. Ki gaida mutanen can."

"Za su ji." Ta rage murya yadda direba ba zai ji ba. "Saƙon da ka ba ragon ma, tunda bai samu tafiya ba, ni zan kai."

Ya ƙura mata ido. Kunnuwansa har wani motsi suka yi.

"Wane saƙo? Ni harawa nake ba shi."

"To," in ji Lauratu.

Direba ya tayar da mota. Ta fara gangarawa tsakanin gonakin da aka girbe, yara na bin ta da gudu, mata na ɗaga hannu. Ba su kai bakin kwalbati ba sai suka ji ana bubbuga bayan motar. Direba ya taka burki. Malam ne, ya tattare babbar riga a kafaɗa, yana haki. Ya leƙo ta taga, idonsa na kan gonar wani.

"Zancen bayan rumbun nan," ya ce. "In za ki faɗa mata, ki ce ragon ne ya gaya miki."