Dutsen Taimama a Jakar Dogo

Bayan sallar la'asar Dogo ya shimfiɗa tabarma a tsakar falo, ya zube kayan tafiyarsa a kai. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma washegari zai kama hanya zuwa gasar gudu a hamada, irin wadda ake kwana da kwanaki ana yi, kowa ɗauke da abincinsa da shimfiɗarsa a baya. Ruwa kaɗai masu gasar suke bayarwa, shi ma a ƙayyade. Don haka babu abin da yake shiga jakar sai ya hau sikeli. Ya gutsure rabin mariƙin buroshin haƙori, ya yanke tambarin wuyan riguna, ya juye dabino daga kwali zuwa leda.

Matarsa tela ce. Tana zaune bakin taga tana ɗinka wa takalmansa yadin da zai hana rairayi shiga.

"Maigida, in aka bar ka, har gemun nan sai ka ɗora a sikeli."

"Na auna shi," in ji Dogo. "Bai kai a aske ba."

Ta yi dariya, shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba. Kaya sun kammala, ƙafa ta horu, saura abu guda: mahaifinsa bai ce masa je ka ba. Tsohon yana zaune da su a ɗakin baya. Ranar da aka fara gaya masa zancen, cewa ya yi, "Mutum ya bar inuwa da ruwa ya je ya yi ta gudu, ba wanda ya kore shi?" Tun daga nan bai sake tankawa ba. Dogo kuwa ya ƙudurta tsakaninsa da Ubangijinsa cewa in gari ya waye babu yardar mahaifi, zai kwance jakar ya koma aji.

Ya shirya komai, ya ɗaure, ya rataya jakar a sikeli. Allurar sikelin ta tsaya daidai inda yake so. Aka kira magariba, ya tafi masallaci. Mahaifin a gida yake yin tasa saboda ciwon gwiwa.

Da ya dawo, hannunsa ya sake ɗaga jakar don sabo. Ya ji ta canja. Ya rataya, allura ta zarce.

"Uwargida, me kika cusa mini?"

"Ni? Ina kicin tun fitarka. Kada ka ɗora mini laifi, ga jakarka nan, bincika."

Ya kwance ya fiddo kaya ɗaya bayan ɗaya. A can cikin naɗin bargon barci ya taɓa wani abu mai tauri, a ƙunshe cikin farin hankici. Ya warware. Dutse ne shafaffe, mai faɗin tafin hannu, saman nasa ya yi sumul don yawan taɓawa.

Ya gane shi nan take. Shekarar da aka yi wa mahaifinsa aiki a asibiti, likita ya hana shi taɓa ruwa, da wannan dutse yake taimama. Dogo ne yake riƙe masa shi a bakin gado, tsohon ya ɗora tafukansa, ya shafi fuska da hannuwa, ya yi sallarsa a kwance.

Ya ɗauka ya nufi ɗakin baya, ya yi sallama, ya durƙusa. Tsohon yana kan darduma da carbi a hannu.

"Baba, na ga wannan a jakata."

"Ni na sa. Na ji an ce ruwan da za a ba ku a ƙayyade yake. Na san halinka: ko ka zubar da na sha wajen alwala ƙishirwa ta kayar da kai, ko ka jinkirta salla kana jiran ruwa. Duka biyun ban so. Allah ya yi mana sauƙi, sai mu karɓi sauƙinsa."

Dogo ya sunkuyar da kai. Matar, wadda ta biyo shi ta tsaya bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafi, amma dariya ta fi ƙarfinta.

"Baba, ku yi haƙuri. Hamada fa zai je. Ƙasa ce ko'ina, gabas da yamma."

Carbin ya tsaya a hannun tsohon. Ya dubi dutsen, ya dubi surukarsa, sannan ya yi dariya har da tari.

"Subhanallahi! Ni da na karantar da mutane babin taimama, yau 'yata ta gyara mini karatu. Rairayi mai tsarki ai ya wadatar. Kawo abina, yaro, kada ya karya maka baya."

Dogo bai miƙa ba. Ya riƙe shi da hannu biyu.

"Baba, kun yarda ke nan in tafi?"

Tsohon ya ci gaba da jan carbinsa.

"Har yanzu ban gane amfanin gudun ba. Amma na lura tun da ka fara shi asuba ba ta taɓa samun ka a kwance ba. Je ka. Ka dubi halittar Allah a can ka yi masa tasbihi. In jiki ya ce ya isa, ka tsaya, amana ne a hannunka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya."

"Amin," suka ce tare.

A falo Dogo ya mayar da dutsen cikin hankicinsa, ya sa shi a naɗin bargo. Sannan ya zauna yana duban sauran kaya. Ya fitar da rigar canji, ya rage sukari, a ƙarshe ya cire ƙaramin matashin kai na hurawa da ya daɗe yana taƙama da shi. Ya rataya jakar. Allura ta ɗan zarce, ya ƙyale ta.

Matar ta miƙo masa takalman, ta cije zaren ƙarshe.

"To, da me za ka ta da kai?"

Dogo ya dafa jakar daidai inda dutsen yake.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Baba ya riga ya ba ni."