Kejin Zomon Murjanatu

Arzika ya ɗora kejin a bayan babur, ya zaga shi da roba, ya kama hanyar gida daga shagon waldarsa da ke bakin kasuwar Jega. Aiki ya yi kyau, shi kansa ya san haka. Ƙasan kejin raga ce, kashi da fitsari su zuba ta ciki, a ƙarƙashi kuma ga farantin kwano da ake jawowa a zubar a mayar. Ko yaro ƙarami zai iya.

Zomon na 'yarsu ne Murjanatu, wadda zazzaɓi ya ɗauke da damina. Kawunta ya kawo mata shi daga Maiyama, ta riƙe shi kamar ƙaninta, har ganyen latas take ɓoye masa a bakin zane. Da ta rasu sai aikin ya koma kan uwarta Gudiya. Kullum safe tana durƙushe bayan ɗaki gaban tsohon akwatin katako, tana kankare shi da guntun ƙarfe tana mita. Wai zomo ba shi da aiki sai ci da ɓata wuri, wai bayanta ya ƙage. Ta kan daɗe a can, ta fito ido jajir.

Abin yana cin Arzika a rai. Murjanatu 'yar fari ce, don haka Gudiya ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Ranar jana'iza ma mata sun yi ta yaba dauriyarta. Shi dai tsoronsa kada baƙin ciki da wahala su haɗu su kwantar da ita, ga shi ba mutum ne mai iya lallashi da baki ba. Abin da hannunsa ya iya shi ya yi.

Ya sauke kejin a tsakar gida, ya barbaɗa toka a farantin, ya kamo zomon ya saka. Ya nuna mata yadda ake jawowa, yana ta bayani sai ka ce mai tallan magani. Gudiya ta yi masa sannu da aiki, ta koma wankinta. Tsohon akwatin kuwa ya jingine shi jikin garu can bayan ɗaki, ya ce gobe za a faskara a hura wuta.

Da la'asar ta gwada. Ta jawo farantin, ta juye a juji, ta ɗauraye, ta mayar. Kafin ya gama alwala har ta gama. Sai ta tsaya riƙe da tsintsiya, tana duban kejin kamar wadda aka sallama daga aiki.

"Shi ke nan?" ta ce.

Ya ce shi ke nan, ta huta.

Da ta buɗe baki, ba shi take kallo ba.

"Malam, can baya in ina kankara, kowa ya gan ni da hawaye sai in ce zarni ne ya shigam mani ido. Yanzu mi zan ce?"

Butar ta yi masa nauyi a hannu. Ashe duk mitar nan ba da zomon take ba, wurin kuka ta samu, shi kuma ya zo da gwanintarsa ya rushe mata. Tausayinta ya kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya ajiye butar, ya je ya jawo farantin, ya ɗaga shi sama yana juyawa kamar mai neman aibi.

"Wanga kwano ya karkace," ya ce. "Sai an koma da shi shago. Ki maida zomon cikin tsohon akwatinai tukuna."

Gudiya ba ta tambaye shi yaushe za a gyara ba. Ta sunkuya ta ɗauki zomon, ta rungume shi, ta nufi bayan ɗaki.