Suna ta Baya

Tururin tukunyar miya ya rufe gilashin taga. Effie, maƙwabciyar Agnes Rennie, ta sa yatsa ta rubuta a jikinsa: SENGA.

"To, karanto min daga ƙarshe, sarauniyar taurin kai."

Tun safe Agnes take cin zuciyarta, tun da mai kawo madara ya tsegunta mata cewa 'yarta Ishbel ta sauka lafiya a Dundee, an sami mace, an kuma laƙaba mata Senga, sunan da ba a taɓa ji a zuriyarsu ba. A wannan gaɓar teku kowa ya san 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa take ci. Agnes a wurin wata Agnes ta gaji nata, waccan ma haka, dukansu masu feɗe kifi a bakin jirage, dukansu harshensu ya fi wuƙarsu kaifi. Ga shi a kanta igiyar za ta tsinke.

Ta bi haruffan daga dama, leɓunanta na motsi. Sai ta laluba kujera ta zauna.

Effie ta kwashe da dariya, ta ce ai tsohuwar dabara ce: idan Agnes sun yi yawa a gida sai a juya sunan, tsohuwa ba ta ji haushi ba, jaririya ba ta tsufa a zanen goyo ba.

"Yarinya ta miƙo miki hannu, ke kina nan kina hura hanci kamar limamiya."

Ishbel ɗan Katolika ta aura, Fergal Doyle mai dako a tashar jirage, abin da Agnes ta rantse ba za a yi da ranta ba, don ɗarikarsu ba ɗaya ba ce. Ranar da suka zo neman albarka ana tsuga ruwa. Ta sa sakata, ta tsaya a bayan wannan tagar tana kallonsu har suka jiƙe sharkaf suka juya. Daga baya mijinta ya mutu, tari ya kama mata ƙirji, gidan ya yi mata faɗi. Kewar 'yarta ta dame ta ƙwarai, girman kai ne ya hana ta faɗa.

Washegari ta ciro farin mayafin ulu da aka yi wa kowace Agnes baftisma a cikinsa, ta hau bas. Matakalar benen su Ishbel ta kusa ƙarasa ta, sai da ta yi ta tsayawa tana mayar da numfashi.

Ishbel ta buɗe ƙofa da jaririya a kafaɗa. Ba ta matsa gefe ba.

"Na gane sunan, Ishbel," in ji Agnes. "Effie ta nuna min. Na gode."

Kalmar ta fito mata da ƙyar, don bakinta bai saba da ita ba.

Ishbel ta daɗe tana dubanta, ba fushi a fuskarta, sai gajiya.

"Ba ki gane ba, Mama. Sunan da ya fi kowanne nisa da ke na nema. Na duba, na duba, ban ga wanda ya kai naki a juye ba. Duk inda kika fuskanta, so nake 'yata ta ba shi baya."

Agnes ta miƙa mayafin duk da haka, don ba ta san yadda za ta yi da hannuwanta ba. Ishbel ta ce an riga an yi baftismar ranar Lahadi, a mayafin mahaifiyar Fergal. Ta ɗan juyo da jaririyar don a ga fuskarta. Haɓar nan ce dai, ta Agnes, ba abin da suna ya rage mata. Sannan ta mayar da ƙofa a hankali. Agnes ta so a ce bugowa ta yi.

A bas ɗin komawa ruwa ya sake saukowa, numfashin fasinjoji ya lulluɓe gilashi. Agnes ta ɗora mayafin a cinya, ta sa yatsa ta rubuta sunanta, AGNES, yadda aka koya mata a makaranta. Ta jima tana kallonsa kafin ta lura: daga ciki ne kawai yake Agnes. Wanda aka bari a waje, cikin ruwa, daga ƙarshe zai fara karanta shi: SENGA.

Ta ɗaga hannun riga za ta goge, tari ya sarƙe ta. Ta bar shi, har tururi ya cinye shi da kansa.