Awon Hannun Malam Barau

Malam Barau malamin dabbobi ne, shi ke yi wa shanu allura a rugagen da ke kewayen Falgore. Mutum ne kakkaura, ƙafafunsa daidai da na kowa, sai dai hannuwansa gajeru ne. Duk rigar da ya sayo a kasuwa sai matarsa Turai, wadda ke sana'ar ɗinki, ta rage mata hannu.

Farkon damina ƙanensa Lukumanu ya aiko masa da keke mai giya daga Kano, don ya huta da tura tsohon kekensa a hawa. Lukumanu dogo ne, shi ya gwada keken kafin ya saya, ya ji ya yi masa cif. Barau ya yi ta sa masa albarka.

Kwana uku da fara hawa ya gane da matsala. Kan keken ya yi masa nisa, madannin canja giya kuwa babban yatsansa ba ya kai masa sai ya zamo daga sirdi ya miƙa jiki gaba. Ran da ya gwada haka yana haurowa daga rafi, keken ya ƙwace masa, shi da jakar magunguna suka zube a gonar gyaɗa. Ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya waiga ko wani ya gani. Tun daga ranar bai sake taɓa giyar ba, ya bar ta a mai nauyi, kuma kunya ta hana shi faɗa wa kowa.

Bayan wata biyu gwiwarsa ta dama ta fara kumbura. Wata safiya yana shafa mata man zafi ya ce, "Turai, ina jin girma ne ya zo. Zan roƙa a ba wani rugagen nesa."

Ta ajiye almakashi. "Malam, girma a wata biyu? Hau keken nan in gani."

Ya dafa bango ya hau a tsakar gida. Da ta ce ya taɓa giyar, sai ga shi ya rabu da sirdi. Ta ɗauko tef ɗinta, ta auna daga kafaɗarsa zuwa yatsa, ta kuma auna daga kafaɗar zuwa madannin.

"Inci uku ya rage maka. Wannan awon Lukumanu ne, ba naka ba."

"Ai keke ba riga ba ne."

"To ka tambayi masu gyara. In sun ce ba ya raguwa, shi ke nan."

Ta rubuta awon a takarda, ya kai wa Ɗanmaliki mai gyaran keke a Rogo Sabon Gari. Bayan sun gaisa, Ɗanmaliki ya karanta takardar ya yi dariya.

"Wallahi Hajiya ta yi gaskiya. Sirdin kaɗan zan matso da shi, in ya yi yawa gwiwar ce za ta sha wuya. Wuyan keken ne, ƙarfen da ke riƙe da kan, ya yi tsawo."

Ya tona tarin tsofaffin ƙarafa. Wuya na farko bai shiga ba, na biyu ya tsage, sai na uku ya zauna. Ya kwance madannin ya juyo da shi ƙasa, har ya tsaya daidai ƙarƙashin yatsan Barau.

Washegari Barau ya nufi rugar Jibo, wadda ta fi kowacce nisa. Da ya iso hawa ya danna yana zaune, sarƙa ta ce ƙaras, feda ta yi sauƙi. Gwiwar tana nan tana zogi, amma bai sauka ba har ya ƙure tudun.

Ya tarar ba a ko saki shanu ba. Jibo ya fito da mamaki.

"Malam, yau kai ne da sassafe haka? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Kamo mini jar saniyar nan mai tari, da ita za mu fara."