Tasnim Ba Ta Karatu a Gaban Baƙi

Tun da aka shiga zango na biyu Tasnim take tashi da ciwon ciki kullum safiya, ban da Juma'a da Asabar da babu makaranta. Uwarta Nirmin ta kai ta wajen likita, ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Ai dama Nirmin ta sani. Ciwon nan a ajin Malama Abir yake, inda yara suke ta rera alif da ba tun farkon shekara, ita kuwa yarinyar tana kujerar baya tana cin farce.

Shekarunta biyar, amma tun tana da uku take karanta rubutun jikin kwalin madara, ba wanda ya koya mata. Yanzu ko jaridar da mai ƙosan wake yake naɗo musu karin kumallo a ciki, sai ta karance ta tas kafin a jefar. Sai ga Malama Abir ta tare Nirmin a bakin ƙofar makaranta tana cewa yarinyar ba ta bin aji, ko harafi ɗaya ba ta furtawa, gara ta maimaita shekara. A sake mayar da ita kan alif da ba! Nirmin ta kama hannun 'yarta suka koma gida.

Mijinta Ashraf yana aiki a Kuwait. A waya ya ce ta bi a hankali, kada malamai su sa wa yarinyar ido. Surukarta Hajja Insaf, wadda suke zaune tare a nan garin Damanhur na ƙasar Masar, cewa ta yi alhamdulillahi, gara su ɗauka ba ta iya ba. Ita tsohuwar nan ba abin da take tsoro a duniya kamar kambun baka. Ta maƙala wa jikar shuɗiyar tsakiya, ɗan dutsen ado na tsari, a cikin rigar makaranta, tana zagaye ta da turaren wuta duk Juma'a, in kuma maƙwabta suka shigo suka tarar da yarinyar riƙe da littafi, sai tsohuwar ta yi caraf ta ce hotuna take kallo, me wannan ta sani. Nirmin ma haka take faɗa, don haka kowa yake faɗa. Wa yake yabon ɗansa a gaban mutane?

Sintiri Nirmin ta yi ta yi ofishin shugabar makaranta, Abla Sawsan, har maigadi ya daina tambayarta wurin wa ta zo. Da ta samu shiga, duk maganar da ta shirya ta tsere mata. Da ƙyar ta ce ba tsallake aji take roƙo ba, a dai bar yarinyar ta riƙa zama da 'yan aji biyu lokacin karatu, kafin makaranta ta fita daga ranta gaba ɗaya. Abla Sawsan ta yi murmushin da ya ƙona wa Nirmin rai, ta aika a kirawo Tasnim.

Yarinyar ta shigo tana jan ƙafa. Aka miƙa mata littafin 'yan aji biyu, labarin wani jaki da ya ɓata a kasuwa. Nirmin ta ga idanunta sun bi layin farko sun sauka na biyu, ta ga gefen bakinta ya motsa inda labarin yake da ban dariya.

"Karanta mana, 'yata," in ji Abla Sawsan.

Tasnim ta rufe littafin. "Hotuna nake kallo. Ban iya ba."

Nirmin ta durƙusa ta lallashe ta, ta yi mata alkawarin alewa, har ta ɗan matse mata hannu. Tasnim ta ƙi buɗe littafin. Kunya ta rufe Nirmin, ga tsoro, ga haushin yarinyar da bai kamata ta ji ba amma ta ji.

"Madam Nirmin, kowace uwa haka take ganin ɗanta," in ji shugabar, ba da faɗa ba. "Ki dawo da ita Lahadi. In ba ta karanta ba, maganar Malama Abir za mu bi."

A ƙaramar bas ɗin komawa gida an cika maƙil. Nirmin ta ɗora yarinyar a cinya, tana ta juya maganar Lahadi a ranta. Can sai Tasnim ta kai baki kusa da kunnenta.

"Mama, na yi daidai ko? Ban bari ta gane ba. Malama Abir ma ba ta gane ba har yau."

Nirmin ta juyo ta dube ta. Ashe duk watannin nan yarinyar biyayya take yi, ita kaɗai a kujerar baya, ga ciwon ciki kullum safiya. Sai Nirmin ta dubi cikin motar. Baƙi ne gaba da baya, ga wata mata mai kwandon tumatir ta zuba musu ido tun da suka shigo. Hannun Nirmin ya kai kan shuɗiyar tsakiyar da kansa, don ita ma tsoron nan yana jikinta, ba na surukarta kaɗai ba ne.

Ta nuna wani allo da ke gefen titi. "Me aka rubuta can?"

Tasnim ta raɗa mata.

"Ban ji ba. Ɗaga murya."

"Akwai mutane, Mama."

"Na gan su," in ji Nirmin. Ta juya ga mai tumatir, ta ce mata abin da ba ta taɓa faɗa wa baƙo ba: "'Yata ce. Ta iya karatu sosai. Ki saurara."