Ranar da Baba Ya Ce Sifiri

Su uku ne a gidan, a hawa na biyu na wani tsohon bene: mai gyaran wuta, da matarsa tela, da 'yarsu mai shekara goma sha ɗaya. Uban ne ya laƙaba wa yarinyar Injiniya tun tana rarrafe, saboda duk abin da ta kama sai ta kwance shi ta ga cikinsa, sunan kuma ya bi ta har makaranta. Ci da sutura ba su gagare su ba. Abin da suka rasa, wata biyu ke nan, shi ne barci. Ciwo ya shiga ƙashin bayan Baba, ya yi sati uku a asibiti, aka sallamo shi aka ce ya je gida ya huta. Tun daga nan yake kwance a ɗakin ciki yana nishi, Umma na zaune a gefensa, Injiniya kuma tana falo ta danne kunnenta da matashi. Akwai abu na biyu da suka rasa, wanda yarinyar ba ta ma san sun rasa shi ba: ba a sami wanda ya zaunar da ita ya gaya mata abin da likita yake nufi da hutu ba.

Wata Talata da hantsi nas ta zo daga asibiti. Doguwar mace ce, ba ta gaggawar magana. Ta shigo tana haki, ta aje jakarta a kan kujera.

"Mai wuta, a gidanka zan karye?" in ji ta. "Matattakalar nan duhu kamar cikin rijiya."

"Ƙwan ne ya mutu, makunnin ma yana son canji," in ji Baba, yana cije leɓe. "Ina tashi shi ne aikina na farko. Ga mai riƙe min tsani nan."

Nas ta fiddo wata kwalba mai ruwan ƙasa da sirinji marar allura, ta nuna wa Umma yadda za ta ja maganin ta ɗiga masa a baki duk bayan awa huɗu. Sannan ta kawo takarda mai jeri uku. Jerin farko na lokaci ne. Na tsakiya na yawan maganin da aka ba shi. Na ƙarshe kuwa lamba ce da Baba zai faɗa da bakinsa: goma in ciwon ya kai maƙura, sifiri in babu shi sam.

"Wa ya fi iya rubutu a gidan nan?"

"Injiniya," in ji su biyun a tare.

"To jerin ƙarshe naki ne. Na tsakiya na Ummanki, kada ki taɓa kwalbar. Mai wuta, nawa yanzu?"

"In akwai sha ɗaya a ba ni."

"Babu."

"To tara. A bar goma saboda gaba."

Injiniya ta rubuta tara, ta zagaye kan lambar da kyau.

Ranar kowa ya yi barci a gidan. Washegari keken ɗinkin Umma ya dawo da ƙararsa, bayan wata biyu yana lulluɓe da zane. Injiniya ta ɗauki aikinta da gaske. Kafin ta tafi makaranta sai ta tsaya a bakin gado da fensir a bayan kunne, yadda take ganin Baba na yi, ta ce, "Nawa?" Tana dawowa, kafin ta cire takalmi, ta sake tambaya. Lambobin suka fara sauka. Takwas, bakwai, wata rana su koma takwas, nas ta zo ta yi magana da Umma a ƙofar kicin, kwana biyu sai ga shida.

Masu dubiya ne suka zama matsala. Baba da kansa ya haɗa ƙararrawar ƙofarsu shekarun baya, ya zaɓo mai ƙarfi don Umma ta ji ta ko keke na gudu. Yanzu da zarar barci ya ɗauke shi sai wani ya danna, ya zabura, ciwon bayansa ya motsa.

"Injiniya, ɗauko jakata," ya ce wata rana bayan la'asar.

Daga kwance ya koya mata aikin, ita tana tsaye a kan kujera a falo, ƙofar ɗakin a buɗe. Ta fara kashe wutar gidan daga babban makunni. Ta kwance murfin ƙararrawar. Ta sa testa ta tabbatar babu wuta, sau biyu, don ya ce mai wutar da ya gwada sau ɗaya ba ya tsufa a sana'ar. Sannan ta sassauta sukurun jar wayar, ta zare ta, ta naɗe bakinta da baƙin tef, ta lanƙwasa ta gefe. Ta mayar da murfin, ta kunna wutar gidan.

"Je ki danna mu ji."

Ta fita ta danna. Shiru. Ta sake dannawa da ƙarfi, har yatsanta ya yi fari. Shiru.

"Aiki ya yi kyau," in ji Baba, ya ɗaga murya wajen Umma. "Shugaba, a biya ta ladanta."

"Daga aljihunka," in ji Umma, ba ta ɗago daga keken ba.

A makaranta a lokacin ana koya musu yadda ake ɗiga lambobi a takarda mai gida-gida a haɗa su da layi. Injiniya ta yago takarda ɗaya daga littafinta, ta jera kwanaki a ƙasa, lambobin Baba a gefe, ta ɗiga kowace rana a gurbinta. Ɗige-ɗigen suka gangaro kamar matattakala. Ta aza rula, ta ja layi ya bi ta tsakiyarsu, ta ci gaba da ja har ya taɓa ƙasa. Ta ƙirga gidajen sau uku. Layin ya sauka a kan Alhamis, sha tara ga wata.

Ta kai wa Baba. Ya riƙe takardar nesa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

"Ran sha tara za ka kai sifiri," ta ce. "Ran Juma'a ka huta. Asabar mu gyara fitilar matattakala."

Keken Umma ya tsaya a falo. Bai ci gaba ba sai da aka jima.

"Injiniya ta yi magana," in ji Baba. Ya miƙa mata takardar. "Layinki ya miƙe sarai. Wa ya koya miki riƙon rula?"

Daga ranar ta fara shiri. Ta zazzage jakar aikinsa a kan tabarma, ta goge filaya da tsumma da ɗan man keken Umma, ta jera sukudireba daga babba zuwa ƙarami, ta ware wayoyin da suka cukurkuɗe. Umma tana kallonta ta wutsiyar ido. Sau ɗaya ta kira ta, Injiniya ta amsa, sai Umma ta ce, "Miƙo min almakashi," alhali almakashin na kan cinyarta.

Talata ta uku, nas na wanke hannu a kicin, Injiniya ta tsaya mata da tawul.

"Anti, yaya maganin yake sanin inda ciwon yake? Ta baki ake ba shi, ciwon kuma a baya."

Nas ta goge hannunta yatsa bayan yatsa. Ta jawo kujera ta zauna, don fuskarsu ta daidaita.

"Bai sani ba," ta ce. "Kin tuna fararen ƙwayoyin da yake sha da farko? In wuri ya ji rauni, jiki yana dafa wani sinadari a wurin, shi ne yake tsokanar jijiya ta yi ƙara. Ƙwayoyin nan jini ne yake yawo da su ko'ina, duk inda suka tarar ana dafa sinadarin sai su kashe murhun. Suna aiki in ciwon bai yi girma ba."

"Na Baba ya yi girma."

"Ya yi. Shi ya sa aka kawo na kwalba. Sunansa mofin, daga ƙaron wani fure ake samo shi. Shi hanyarsa daban. Jijiyoyi suna ɗauko saƙon ciwo su bi ta laka su kai ƙwaƙwalwa. A kan hanyar akwai wasu 'yan ƙananan kwaɗuna, ido ba ya ganinsu. Jikin mutum yana ƙera mabuɗinsu da kansa, amma kaɗan yake ƙerawa. To ƙirar maganin nan ta yi kama da ta mabuɗin, har kwaɗon ba ya bambance su. In ya shiga ya murɗa, hanya ta rufe, saƙo ba ya wucewa."

Injiniya ta ji daɗin bayanin, don abu ne mai shiga da fita kamar sukuru. Ta ce, "Ashe aikinsa ba a ƙashin yake ba."

"Ba a can yake ba."

Nas ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu. Ta dubi ƙofa, inda Umma take tsaye da kwano a hannu. Ta rufe bakin, ta miƙe, ta ce tawul ɗin nan ya ji sabulu.

Lambobin suka ci gaba da sauka. Uku, uku, biyu. Baba ya daina nishi gaba ɗaya. Ya kuma rage magana, abinci cokali uku ne ya kau da kai, zoben hannunsa Umma ta cire ta aje don ya fara zamewa. Injiniya ta ga duk wannan, ta sa shi a lissafin gajiya. Ba shi da jeri a takardar.

Ran sha tara ya ce ɗaya. Ba ta damu ba, malaminsu ya ce layi yakan kuskure da gida ɗaya ko biyu. Ran Asabar da hantsi ta tsaya a bakin gadon da fensirinta.

"Nawa?"

Ya buɗe ido a hankali. Ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

"Sifiri," ya ce.

Ta rubuta shi, da'ira cikakkiya, ba ta bar ƙofa ba. Ta je ta ɗauko jakar ta aje a gefen gadon, ta zaro testa ta sa masa a tafin hannu, don shi ne abin da yake fara ɗauka kullum. Yatsunsa suka rufe a kai, suka sake buɗewa. Testa ta gangara kan bargo ta faɗi ƙasa. Ta ɗauka ta sake sa masa. Ta sake gangarawa.

"Bari in fitar da tsanin tukuna," ta ce.

Ta jawo tsanin daga bayan kabad, ta ratsa falo da shi. Umma ta bi ta da ido, zare a bakinta. Injiniya ta zare sakata ta buɗe ƙofa.

Goggo ce tsaye a cikin duhun matattakala, yayar Baba, da kwanon abinci a hannu ɗaya, ɗan yatsan ɗaya hannun yana kan maɓallin ƙararrawa.

"Kuna ciki ashe," in ji Goggo. "Tun ɗazu nake dannawa, yatsana har ya ƙage. Na ce ko asibiti kuka koma."

"Mun cire wayar."

"To ai sai ku rubuta a ƙofa. Mutum na tsaye yana ta danna abu, ku kuna ciki ba ku san yana nan ba. Matsa min da tsanin nan."

Goggo ta wuce ciki tana sallama. Injiniya ta tsaya riƙe da tsanin. Ta dubi maɓallin. Ta sa yatsa ta danna shi, ta ji ya shige ya dawo kamar kullum. Ba abin da ya same shi.

Ta jingine tsanin a bango, ta koma falo. Takardar nas tana kan tebur, fensir a kanta. Wata guda tana rubutu a jerin ƙarshe, ba ta taɓa karanta na tsakiya ba, don ba nata ba ne. Yanzu ta karanta shi daga sama, da rubutun Umma mai karkata: biyu da rabi, biyu da rabi, biyar, biyar, bakwai da rabi, goma, sha biyar. Ta ɗauko takardarta mai gida-gida ta ɗiga su a kan kwanakin, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta aza rula. Wannan layin hawa yake yi, ya ratsa na farko a tsakiya ya wuce, takardar ta ƙare bai tsaya ba.

Ta zauna tana jiran kuka ya zo. Bai zo ba. Hannunta ta ji ya yi nauyi, kamar ta kwana a kansa. Tana jin Goggo da Umma a kicin suna maganar gishiri.

Ta shiga ɗakin ciki. Baba na kallon silin.

"Baba."

"Na'am, Injiniya."

"Yana nan, ko?"

Bai tambaye ta wa take nufi ba. Ya juyo da kansa a kan matashin ya dube ta, ya dubi rular da ke hannunta.

"Yana nan."

"Yana dannawa?"

"Yana dannawa. Ni dai ba na ji."

Ta gyaɗa kai. Ta tsuguna ta ɗauki testa daga ƙasa, ta goge ta da gefen rigarta, ta mayar da ita aljihunta na cikin jaka.

"In mayar da wayar ƙararrawar?"

"Bar ta," ya ce. "Aikinki ya yi kyau. Zauna nan."

Ta zauna a bakin gadon, ya aza hannunsa a kan nata, ba nauyi. Ƙarfe goma sha biyu Umma ta shigo da kwalba da sirinji, ta ja maganin, ta ɗaga shi wajen taga ta duba awon, ta ɗiga masa. Ta rubuta nata a tsakiya, ta miƙa wa Injiniya fensir ba tare da ta dube ta ba. Injiniya ta tambaya, ya amsa, ta rubuta sifiri na biyu a ƙarƙashin na farko.

A ranar ta fahimci cewa maganin yana hana Baba jin ciwon ne kawai, ciwon kuwa yana nan yana ƙaruwa, kuma Baba ba zai tashi ya gyara fitilar ba.